Mu Fita Waje: Dutse, Fadama Da Dandali Su Ma Ajin Karatu Ne

Wata ranar Asabar cikin watan Yuli, lokacin da damina ta kankama, na fita da wasu ɗalibai 12 zuwa gefen gonakin Dabawa, ɗaya daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma. Dukkansu yara ne masu ƙwazo, waɗanda suka ci jarrabawar ilmin halittu da sakamako mai kyau. Kowanensu yana iya zana ganye a allo, ya raba shi gida-gida, ya faɗi sunan kowane sashe da Turanci ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Muka tsaya a gindin wani ƙaton itace wanda babu ganye ko ɗaya a jikinsa, alhali kuwa duk inda mutum ya duba kore ne shar. Na tambaye su abin da ya sami itacen. Wani ya ce ya mutu, wani ya ce gara ce ta cinye saiwarsa, wata kuma ta ce kamata ya yi a sare shi tun bai faɗo wa wani ba.

Wani dattijo da ke maimai a gonar ya ɗago, ya dogara da hauyarsa, ya ce, "Malam, ai gawo ne. Shi da damina ba sa ga maciji. Ku dawo bayan an yanke gero, za ku sha inuwarsa."

Ɗaliban suka yi tsit. Ni ma kuwa kunya ta kama ni, domin na san laifin namu ne, mu malamai, da muka shekara muna koyar da itace a cikin ɗaki ba mu taɓa nuna wa yara itacen ba. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, fita waje, watau tafiya a ƙasa, da hawan dutse, da zagayen fadama, da wasan dandali, wani ɓangare ne na lafiyar ɗalibi da kuma karatunsa, kuma garin da ya sami jami'a shi ya fi kowane gari cancantar ya gane haka, ya kuma yi aiki da shi.

Yadda Garin Ya Sauya

Wanda ya san Dutsin-Ma shekaru 20 da suka wuce ya san gari ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwar Laraba, mazaunin Yandakan Katsina, mai tazarar kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina. Tun a wancan lokaci garin ya yi suna wajen ilmi, saboda Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wadda aka sa wa sunan Wazirin Katsina, tsohon Ministan Ilmi na Jihar Arewa. A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ta kafa sababbin jami'o'i 9, ɗaya daga cikinsu ta faɗo Dutsin-Ma. Daga nan sai gari ya buɗe. Gidajen haya suka tashi, shagunan buga takardu da na masu abinci suka yawaita, 'yan acaba suka cika titi, aka kuma fara jin harsunan da a da sai mutum ya je Kaduna ko Legas yake jin su.

Ko shakka babu wannan alheri ne. Amma kowane allazi da nasa amanu. Filayen da yara ke langa da ƙwallo a bakin unguwanni, da yawansu an yanka su fuloti. Rayuwar ɗalibi kuma ta koma tsakanin wurare uku: ɗakin kwana, bayan babur, da ɗakin karatu. In ya sami hutu sai ya duƙufa a kan wayar salula, ko ya biya kuɗi ya shiga gidan kallo ya zauna minti 90 a kan benci yana kallon wasu suna gudu a Ingila ko Sifen. Ƙannensa na sakandare kuwa shi suke kallo, domin a garin jami'a abin da ɗan jami'a ya yi shi ne wayewa. Ta haka aka wayi gari akwai ɗalibin da zai yi shekara 4 a gindin dutsen da garin ya ci sunansa, ya gama ya tafi bai taɓa sanin yadda garin yake daga bisa ba.

Abin Da Jiki Ke Nema

Bari mu fara da jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsa jiki har numfashinsa ya ƙaru. Wani bincike da hukumar ta ɗauki nauyinsa, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ƙa'ida, kuma 'yan mata sun fi maza rashin cikawa. Dalilin shawarar ba ɓoyayye ba ne. Zuciya tsoka ce, aiki ne ke ƙara mata ƙarfi. Ƙashi kuma yana ƙara kauri ne gwargwadon nauyin da aka saba aza masa, musamman a shekarun ƙuruciya da samartaka. Abin da mutum ya tara a lokacin shi zai ci har tsufansa. Haka nan tsokar da ke aiki tana janye sukari daga cikin jini, abin da ke rage haɗarin ciwon sukari a gaba. Fatar jiki ita ma, in hasken rana ya taɓa ta, tana haɗa bitamin D, wanda in babu shi hanji ba ya iya tsotse sinadarin gina ƙashi daga abinci yadda ya kamata.

Akwai kuma zancen ido, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Cutar kasa ganin abin da ke nesa tana samuwa ne in ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima a lokacin da yaro ke girma. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, masana sun yi gwaji a makarantun firamare 12 daga 2010 zuwa 2013. Rabin makarantun aka ƙara wa yaransu minti 40 na zama da wasa a waje kowace ranar makaranta, sauran rabin aka bar su yadda suka saba. Bayan shekara 3, kimanin kashi 30 cikin 100 na yaran da ke fita waje suka kamu da cutar, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 40 ne. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, haske mai ƙarfi yana sa bangon cikin ido ya fitar da wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke taka wa tsawon ƙwayar ido burki. Hasken da ke ƙarƙashin inuwar itace da rana ya ninka na cikin aji sau da yawa. Mu da rana ba ta yanke mana ba, abin takaici ne mu sayi cutar da maganinta ke zube a ƙofar gidanmu.

Abin Da Dutse Da Fadama Ke Koyarwa

Makarantunmu da yawa suna kukan rashin kayan gwaje-gwaje, kuma kukan gaskiya ne. To amma akwai ɗakin gwajin da ba ya bukatar lantarki ko kwangila. Mu ɗauki gawon nan da muka fara da shi. Yana kaɗe ganyensa da farkon damina, saboda haka ba ya tare wa gero hasken rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. A saiwarsa akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin bakteriya ke zaune a ciki, suna kama sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi abincin tsiro, kamar dai yadda ake samu a saiwar wake da gyaɗa. Da rani kuma, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, sai ya yi ganye, domin doguwar saiwarsa ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, 'ya'yansa kuma su zama abincin awaki da tumaki. Darasi uku ke nan na manhajar sakandare a gindin itace guda. Maƙwabtanmu na jihohin Maradi da Damagaram sun gane darajarsa. Tun daga shekarun 1980 manomansu suke barin tohon itatuwa irin su gawo su girma a gonaki maimakon a sassabe su, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Sai kuma dutsen kansa, wanda tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a wurinsa, har garin ya ci sunan. Irin waɗannan duwatsu da suka yi tsiri a tsakiyar fili a ƙasar Katsina sun haura shekara miliyan 500. Narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke kewaye da shi har ya bayyana. Ɗalibin da ya hau zai ga yadda bayan dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa, ya ga yadda saiwar ɓaure ke kutsawa cikin tsaga tana faɗaɗa ta. Ta haka dutse ke zama ƙasar noma sannu a hankali. Da damina zai tarar da ruwa kwance a kwarmin dutse, cike da tsutsar sauro da 'ya'yan kwaɗi da ƙwarin da ke cin su, watau sarƙar abinci a cikin abin da bai fi faɗin tasa ba. In ya zauna shiru na minti 15 zai ga jan gwada yana gyaɗa kai yana korar wani namiji daga yankinsa, ya fahimci abin da littafi ke nufi da kare iyaka a tsakanin dabbobi.

Tsuntsaye ma malamai ne. Kowane ɗan ƙauye ya san in shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kuka, damina ta ƙarato. Amma ɗalibai nawa suka san inda take zuwa in ta tafi? Tana hayayyafa ne a wannan yanki namu da damina, in kaka ta yi sai ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ne su kuma ruwansu ke sauka, tana bin fara da tsutsotsi. Tafiyar dubban kilomita ke nan, zuwa da dawowa, kowace shekara. A madatsar ruwa ta Zobe kuwa, wadda aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mai ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, akwai masunta da masu noman rani da tsuntsayen ruwa iri-iri. A watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwan sha daga wannan madatsa. Yaron da ya ga inda ruwa ke taruwa da yadda ake tace shi ba zai sake haddace darasin ba. Ya riga ya gani da idonsa.

Kada kuma mu manta da irin su dattijon nan na Dabawa. A 1916 wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, wanda masana ke amfani da shi har yau. Daga bakin wa ya samo sunayen? Daga bakin manoma da makiyaya da maharba da masu magani. Kakanninmu ne suka koya masa, yau kuma jikokinsu ba su iya bambance marke da ƙirya ba. Duk dattijon da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da abin da ba a rubuta ba. In ɗan jami'a ya durƙusa ya gai da manomi, ya tambaye shi sunan ciyawa da amfaninta, ilmi ya ƙaru, kuma katangar da ke tsakanin 'yan boko da mutanen gari ta rage tsawo.

Wasanninmu Na Gado

Kafin a zo mana da darasin motsa jiki a makaranta, muna da dandali. Mu dubi langa da idon kimiyya: yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗaya, yana ture abokin karawa, yana kuma kare ruwansa. A nan tsokar cinya da ta ƙwauri suna aiki, zuciya tana bugawa da sauri, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana samun horo, ga kuma dabarar aiki tare. Gaɗa ta 'yan mata ta haɗa tsalle da tafi da waƙa da riƙon amana, domin wadda ta faɗa baya ta tabbata ƙawayenta za su tare ta. Kokawa da dambe bayan kaka, da kilisa ga masu dawaki, duk motsa jiki ne da ba a sayen kayansa daga waje.

Waɗannan wasanni ba su tsufa ba. Langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa a Nijeriya. A Jamhuriyar Nijar kuwa kokawa ce sarauniyar wasanni. Tun 1975, da aka fara a Tawa, ake gasar takobi tsakanin jihohin ƙasar. Me zai hana makarantun sakandare na Dutsin-Ma da Kurfi su riƙa gasar langa kowace shekara, a filin jami'a ko na kwaleji, ɗaliban da suka zo daga kudu su ma su nuna nasu wasannin? Ba na ƙin ƙwallon ƙafa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya buga ta minti 30 ya fi wanda ya kalle ta awa 3 riba.

Hanzarin Masu Hanzari

Na san mai karatu zai ce, "Malam, ka manta da halin tsaro?" Ban manta ba, kuma ba zan raina wannan magana ba. Dajin Rugu da ke yamma da mu, wanda a da makiyaya da masu nazarin tsirrai ke shiga, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. Ƙauyuka da dama sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma a watan Oktoba na 2023 aka sace ɗalibai mata 5 na jami'ar daga gidan da suke haya a cikin gari. Uban da ya hana ɗansa fita yana da hujja. Ba na kiran kowa ya kai yara daji, kuma duk malamin da ya yi haka da gangan ya ci amana. Amma tsakanin daji da ɗaki akwai fili mai faɗi: harabar makaranta, da gonakin da ke manne da gari, da lambunan bakin rafi, da gindin dutse. Wuri mai nisa kamar Zobe, kada a je sai hukumar makaranta da mai gari da jami'an tsaro sun tabbatar da lafiyar hanya a wannan mako, a tafi da hantsi, a dawo kafin la'asar. In ba su tabbatar ba, a haƙura. Asarar da ta fi ba ni tsoro ita ce a tashi da zuriya guda wadda ba ta san ƙasarta ba sai ta tagar mota, domin wanda bai san wuri ba, ba zai ƙaunace shi ba, balle ya tsaya ya gyara shi.

Hanzari na biyu shi ne haɗarin ruwa da na sari. Wannan ma gaskiya ne, kuma maganinsa sani. Wanka a madatsa ko kududdufi yana kawo tsargiya: ƙwan tsutsar yana fita cikin fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar mai wanka. Duk yaron da ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani. Jinin nan ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke zato. Saboda haka a kalli ruwa daga gaɓa, kada a shiga. Game da kububuwa da kunama kuwa, a sa takalmi mai rufi, kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, in kuma tsautsayi ya faɗa a garzaya asibiti, ban da tsaga wurin ko tsotsa.

Na uku shi ne masu cewa wannan yawon banza ne, jarrabawa na tafe. Amsata ita ce, jarrabawar ilmin halittu ta kammala sakandare tana da ɓangaren aiki da hannu, inda ake ajiye wa ɗalibi ganye ko ƙwaro ko ƙashi a ce ya duba ya zana ya bayyana. Wanda ya saba dubawa shi ke cin wannan takarda. Bambancin yawon banza da yawon ilmi kuwa abu biyu ne kawai: tambaya a zuciya, da littafin rubutu a hannu.

Abin Yi

Ga malamai 'yan'uwana, ina ba da shawarar a ware darasi ɗaya a kowane mako biyu a yi shi a waje, ko da a cikin harabar makaranta ne. A fara da ƙirga itatuwan makarantar, a rubuta wa kowane sunansa na Hausa da na kimiyya. A dasa gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya, kada a tsaya ga darbejiya kaɗai, wadda asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta. Malamai mata su jagoranci 'yan mata, domin kada a bar su a baya kamar yadda aka saba.

Ga ɗalibai, kowa ya tanadi ƙaramin littafi. Rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa bana, da ranar ruwan farko, da ranar da gawon unguwarku ya fara toho. In makaranta ɗaya ta riƙe irin wannan rubutu shekara 10, ta mallaki bayanin sauyin yanayi na garinta wanda ba a samunsa a kowane littafi. Wayar da ke hannunka ma tana da amfani a nan. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga 'yan sa-kai, da yawansu ɗalibai, masu aika sunayen tsuntsayen da suka gani a yankinsu.

Ga hukumomin ƙananan hukumomi da sarakunanmu iyayen ƙasa kuma, roƙona shi ne duk lokacin da za a yanka sabuwar unguwa a bar wa yara fili, a rubuta shi, a kuma tsare shi daga masu handama. Jami'a da kwaleji su ma su buɗe filayensu ga makarantun gari a ranakun da aka tsara.

Daga ƙarshe, mun cika alkawarin dattijon nan. Mun koma Dabawa a watan Disamba, cikin hunturu, gonar ta zama fili fetal sai karan gero. Gawon kuwa ya yi ganye luf, awaki suna kwance a inuwarsa. Yarinyar da ta ce a sare shi ita ta fara ciro littafinta, ta gai da dattijon, ta ce, "Baba, wancan na kusa da shi kuma mene ne sunansa?"